Daga Tudu Zuwa Kwari: Tarihin Ambaliyar Binuwai da Ɓarnarta a Yola da Jimeta

1.0 Gabatarwa

Ranar 29 ga Agusta, 2005, mahaukaciyar guguwar teku da aka laƙaba wa suna Katrina ta afka wa gaɓar kudancin Amurka. Ta hallaka mutum fiye da 1,300, ta kuma jawo asarar dukiya da aka ƙiyasta ta kai dala biliyan 125. Abin da bincike ya tabbatar daga baya shi ne, a birnin New Orleans ruwa ya fi iska yin ɓarna, domin ganuwar da aka gina don tare ruwa ce ta fashe a wurare da dama, har kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. Tsohuwar unguwar da Faransawa suka kafa a shekarar 1718 a kan tudun bakin kogin Misisipi ta tsira daga mafi yawan ruwan, amma unguwannin da aka gina daga baya a cikin kwari, inda talakawa suka fi yawa, su ne suka sha wuya.

Yola da Jimeta suna nesa da teku da ɗaruruwan kilomitoci, don haka irin wannan guguwa ba ta isa gare su. Duk da haka, abin da ya sami garuruwan biyu a shekarar 2012, ya kuma sake samunsu a 2022 da 2025, ya yi kama da na New Orleans ta fuskoki uku: akwai tsohon gari a kan tudu, akwai sababbin unguwanni a kwari, akwai kuma ginin tare ruwa da ya sa jama'a suka saki jiki. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda zaman jama'a ya gangaro daga tudu zuwa kwari a wannan yanki, ta kuma nuna cewa girman ɓarnar da ambaliya ke yi ya danganta da wannan tarihi kamar yadda ya danganta da yawan ruwan. Za a kafa hujja da tarihin garuruwan biyu da kuma sunayen wurare, waɗanda suka adana abin da magabata suka sani game da ƙasar da suka zauna a kai.

2.0 Kalmomin Ruwa da na Ƙasa

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a bambance wasu kalmomi. A Hausa, guguwa iska ce mai juyawa wadda ke tashi da ƙura da rani. Da kafafen watsa labarai suka buƙaci sunan babbar iskar teku, sai suka faɗaɗa ma'anar kalmar ta hanyar siffanta ta da hauka, aka sami "mahaukaciyar guguwa". Ta ɓangaren ruwa kuwa, Bahaushe ya bambanta cikar kogi da ambaliya. Cika ko cikowa abu ne da ake sa rai da shi kowace damina, manomi da masunci suna jiransa. Ambaliya kuwa ita ce ruwa ya wuce iyakar da aka san shi da ita ya shiga gidaje da gonaki. Ke nan ambaliya ba ta tabbata sai da abu biyu, wato ruwa da kuma abin da ruwan ya tarar a gabansa.

Haka kuma harshen ya rarrabe ƙasa gwargwadon dangantakarta da ruwa. Akwai tudu da jigawa, inda ruwa ba ya kwanciya. Akwai kwari, inda yake gangarawa. Akwai fadama, inda yake kwanciya da damina ya bar danshi da rani. Fulfulde, wanda shi ne harshen masarautar Adamawa, yana da nasa rabon. Kalmar maayo tana nufin kogi, yoolde tana nufin tudu mai rairayi, luggere tana nufin kwari ko wuri mai zurfi, karal kuma ita ce baƙar ƙasa mai laka da ruwa ke kwanciya a kanta. Waɗannan kalmomi sun shiga sunayen garuruwa da unguwanni, kuma duk wanda ya san ma'anarsu zai iya karanta taswirar yankin ba tare da ya ga takarda ba.

3.0 Kafuwar Yola a Kan Tudu

Kogin Binuwai ya taso ne daga tsaunukan Adamawa da ke cikin Kamaru ta yau, ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Kafin ya iso Yola, manyan koguna biyu suna zuba masa ruwa, wato Mayo Kebbi a kusa da Garwa da kuma Faro a kusa da kan iyaka. Bayan ya wuce Jimeta sai Gongola ya haɗu da shi a Numan. Tun kafin jihadi, Batawa da danginsu Bacama da sauran al'ummomi suke zaune a wannan kwari, suna su suna noma, suna kuma kafa ƙauyukansu a kan tuddai da gindin duwatsu irin su Bagale.

Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a wajejen 1809, ya fara zama a Gurin a bakin Faro, sannan ya koma Ribaɗu, sannan Njoboliyo, kafin ya kafa Yola a shekarar 1841. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya ƙetare Binuwai a mahaɗarsa da Faro a watan Yuni na 1851 ya isa Yola a zamanin Lamiɗo Lawal, ya ɗauka cewa an samo sunan garin daga unguwar Yola ta birnin Kano. Ra'ayin da ya fi karɓuwa kuwa shi ne sunan ya fito daga kalmar yoolde, kuma yanayin wurin ya goyi bayan haka. An kafa garin a kan tudu, duwatsun Vere suna kudu da shi, ga kuma shimfiɗaɗɗiyar fadama da tafkin Njuwa tsakaninsa da kogin.

Wannan zaɓi ya nuna sanin ƙasa. Da damina ruwa yakan malale fadamar har ya kusanto gefen gari, da kaka ya janye ya bar ciyawa ga shanu, ya bar kifi a tafkuna, ya bar laka ga manoma. A kan irin wannan laka ake dasa dawar rani da Fulani ke kira muskuwaari, Barebari kuma masakwa, wadda ba ta buƙatar ruwan sama bayan dashe. Mutum yana kwana a tudu, yana neman abinci a fadama, kuma ba a cika haɗa biyun ba. A irin wannan tsari, shekarar da kogi ya cika sosai shekarar albarka ce, wadda bai cika ba kuwa ita ake tsoro.

4.0 Jimeta da Zamanin Jiragen Ruwa

Cikar kogin ce kuma ta buɗe wa Turawa hanya. A cikin shekarun 1880 kamfanin Ingilishi da aka sani da Royal Niger Company ya riƙa ciniki daga wani jirgi da ya girke a kan ruwa kusa da Yola, domin ba a ba shi damar yin gini yadda yake so a tudu ba. Ranar 2 ga Satumba, 1901, a daidai lokacin da kogi ya tumbatsa, rundunar Kanar Morland ta iso cikin jiragen ruwa ta ci Yola da yaƙi, Lamiɗo Zubairu ya fita daga garin, aka naɗa Bobbo Ahmadu a madadinsa.

Daga nan ne Jimeta, wadda ke bakin kogin 'yan kilomitoci arewa da tsohon garin, ta fara bunƙasa a matsayin tashar jiragen ruwa da mazaunin baƙi. Jirage kan hauro a watannin da ruwa ya yi zurfi, su kawo gishiri da yadi da kananzir, su koma da gyaɗa da auduga da fatu. Wasu kan zarce har Garwa. Hausawa 'yan kasuwa, Barebari, Nufawa, Jukunawa, Yarabawa da Ibo duk sun sami wurin zama, kuma Hausa ce ta zama harshen kasuwa da na titi a Jimeta, Fulfulde ta ci gaba da riƙe fada da tsohon gari. Sunayen unguwannin Jimeta suna nuna wannan cakuɗa: akwai Limawa da Alƙalawa da Gwadabawa da Nasarawo, akwai kuma Rumde da Luggere.

Abin lura a nan shi ne, ko da yake Jimeta ta matso bakin ruwa fiye da Yola, rayuwarta ta dogara ne a kan cikar kogi. Ɗan dako da ɗan kasuwa da ma'aikacin kamfani duk sun san watan da ruwa ke hauhawa da inda yake tsayawa, domin abincinsu yana tattare da wannan sani. Muddin jirage na zuwa, babu mai mance cewa kogin yana da iyakar rani da iyakar damina.

5.0 Shekarun da Kogi ya Ja Baya

Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka sauya wannan tsari cikin ƙasa da shekara 20. Na farko shi ne mutuwar sufurin ruwa, wanda yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse, hanyoyin mota kuma suka maye gurbinsa. Na biyu shi ne fari, musamman na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, wanda ya rage ruwan kogunan yankin baki ɗaya. Na uku shi ne ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976 da aka mayar da Yola babban birninta, matsayin da ta ci gaba da riƙewa bayan an raba jihar zuwa Adamawa da Taraba a 1991. Ma'aikata da 'yan kwangila da masu neman abin yi suka yi ta kwarara, buƙatar fili ta ƙaru, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta mayar da ikon filayen birni hannun gwamna.

Na huɗu, wanda ya fi sauran tasiri, shi ne madatsar ruwa ta Lagdo da wani kamfanin ƙasar Sin ya gina wa Kamaru daga 1977 zuwa 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Tafkin da ta tara ya kai faɗin murabba'in kilomita 586, tana kuma iya samar da megawat 72 na lantarki. A lokacin an tsara cewa Nijeriya za ta gina tata madatsar a Dasin Hausa, cikin Ƙaramar Hukumar Fufore ta yanzu, wadda za ta tare rarar ruwan da Lagdo ta sako, ta ba da lantarki, ta kuma shayar da gonaki. Wannan madatsa ba a gina ta ba.

Yadda madatsa ke aiki shi ne ta riƙe ruwan damina ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da rani. Sakamakon haka cikar da aka saba gani kowace shekara ta ragu, noman muskuwaari ya ja baya a wurare da dama na kwarin, rairayi kuma ya taru a cikin kogin saboda babu ruwa mai ƙarfi da zai riƙa share shi. Tafkin Njuwa, wanda aka san shi da bikin kamun kifi, ya cike da laka har bikin ya daina gudana yadda aka saba. Duk da cewa ba a rasa ambaliya a wasu shekarun ba, fadamar da a da ake tsoron kwana a cikinta ta koma tamkar busasshen fili a idon wanda bai san ta ba.

A wannan zamani ne gine-gine suka gangaro. Baƙon da ya zo da ɗan ƙaramin jari ba ya iya sayen fili a tudu, sai ya nufi inda ƙasa ke da araha, kuma ƙasa ba ta araha banza. Sunan unguwar Sabon Pegi a Yola ya isa misali. Kalmar fegi, wadda ake furtawa pegi a Hausar wannan yanki, aro ce daga Ingilishi, asalinta turken da ma'auni ke kafawa a kusurwar fili. Sunan bai faɗi komai game da tudu ko kwari ba, abin da ya faɗa kawai shi ne an yanka fili an raba. Haka ma unguwar Shagari, wadda ta samo sunanta daga rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi na Jamhuriya ta Biyu. Tsofaffin sunaye suna bayyana halin ƙasa, sababbin kuwa suna bayyana wanda ya raba ta. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙananan hukumomin Yola ta Arewa da Yola ta Kudu suna da kusan mutum 400,000 a jimlace.

6.0 Ambaliyar 2012

Daminar 2012 ta zo da ruwa mai yawa a Nijeriya da arewacin Kamaru. Zuwa ƙarshen Agusta tafkin Lagdo ya cika maƙil, masu kula da madatsar ba su da zaɓi illa su buɗe ƙofofinta, domin in ruwa ya haura kan ginin ya karya shi, abin da zai biyo baya ya fi kowace ambaliya muni. Wannan shi ne haɗarin madatsa: tana hana ƙananan cika shekara da shekaru, amma ranar da ta kasa riƙewa, sai ta saki nata ruwan a kan kogin da ya riga ya cika. Ruwan Lagdo ya tarar da na Mayo Kebbi da na Faro, waɗanda babu abin da ke tare su, ya kuma tarar da kwarin kogi da rairayi ya rage wa zurfi.

Ƙananan hukumomin da ke bakin kogin, wato Fufore da Girei da Yola ta Kudu da Yola ta Arewa da Demsa da Numan da Lamurde, su ne suka fara karɓar ruwan a Nijeriya. Ƙauyuka suka nutse, gonakin da ke kewayen tafkin Geriyo suka shafe, unguwannin Jimeta da ke kusa da gaɓa suka cika da ruwa, jama'a suka koma makarantun firamare da gidajen 'yan'uwa a tudu. Daga nan ruwan ya gangara Taraba da Makurɗi, ya haɗu da na Kwara a Lakwaja, inda ya datse babbar hanyar Abuja a watan Satumba, ya zarce Anambara da Delta da Bayelsa. Alƙaluman Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, sun nuna cewa mutum 363 suka rasu a ƙasar baki ɗaya, fiye da miliyan 2 suka rasa matsuguni, abin ya kuma shafi fiye da mutum miliyan 7 a jihohi 30. Ƙiyasin da aka yi bayan nan ya sa asarar a kan kimanin naira tiriliyan 2.6.

7.0 Ɓarnar da ke Biyo Bayan Janyewar Ruwa

Alƙaluman da aka ambata ana tattara su ne a makonnin farko, amma kaso mai yawa na ɓarnar ambaliya sai ruwa ya janye yake bayyana. Ginin ƙasa da ya jiƙa daga tushe yakan tsaya har ruwa ya tafi, sannan ya zube bayan kwanaki, wani lokaci a kan waɗanda suka dawo cikinsa. Ginin bulo da ba a yi masa ƙaƙƙarfan tushe ba shi ma yakan tsage. Ruwa yakan haɗe masai da rijiya, daga nan sai amai da gudawa. Kududdufan da ya bari kuma su haifi sauro. Irin wannan ne ya faru a birnin Beira na Mozambik bayan guguwar Idai ta watan Maris na 2019, inda kwalara ta ɓarke makonni kaɗan bayan iskar ta wuce.

Ta fuskar noma, lokacin da ruwan ya zo shi ne ya fi komai cutarwa. A ƙarshen Agusta da Satumba masara ta kusa girbi, shinkafa ta fara fitar da kai, manomi ya riga ya zuba kuɗin taki da na ƙwadago, sau da yawa da bashi. Ruwan ya ci amfanin bana, ya ci na bara da ke rumbu, ya ci irin da za a shuka baɗi, lokacin sake shuka kuma ya wuce. A wasu gonakin rairayi ya bari maimakon laka, wasu kuma zaizayar gaɓa ta cinye su ɗungum. Makiyayi ya rasa makiyayar fadama, ya hau tudu da shanunsa inda gonakin da suka tsira suke, abin da kan ƙara rura saɓanin da ke tsakaninsa da manomi. Masunci ne kaɗai kan ga wani alheri, domin kifi na yawaita bayan babbar cika, in dai kwalekwalensa da komarsa sun tsira.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba. Makarantar da ta zama sansani ba a karatu a cikinta. Takardun fili da na shaidar karatu suna lalacewa, wanda ya rasa su kuma ya shiga wahalar shekaru. A gidajen malamai akwai rubuce-rubucen Larabci da na ajamin Fulfulde da Hausa, waɗanda ake ajiyewa cikin gafaka ko akwati a ɗakin ƙasa, kuma tawadar gargajiya ba ta jure ruwa. Abin da ya fi shafar masu nazarin harshe shi ne warwatsuwar jama'a. Adamawa na cikin jihohin da suka fi yawan harsuna a Nijeriya, kuma da yawa daga cikinsu ƙauye ne ke riƙe da su. Idan ƙauyen bakin kogi ya tashi, iyalansa suka watsu cikin Jimeta ko Numan, yaran da za su tashi a can Hausa za su fi ji, sunayen kifaye da na ciyayi da na kwarurruka da kakanninsu suka sani kuma su tafi tare da ƙauyen. New Orleans ma ta ga irin wannan: mazaunanta sun ragu daga kimanin 484,000 a ƙidayar 2000 zuwa kimanin 343,000 a ta 2010, kuma unguwannin talakawa ne suka fi jinkirin farfaɗowa.

8.0 Agaji da Maimaituwar Abin

A watan Oktoba na 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da sanarwar ware naira biliyan 17.6 don agaji, aka sa Adamawa cikin rukunin farko na jihohin da kowace ta sami naira miliyan 500. An kuma kafa kwamitin tara gudummawa ƙarƙashin jagorancin Alhaji Aliko Ɗangote da Olisa Agbakoba. Bayan haka hukumar kula da al'amuran koguna ta ƙasa ta fara fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, Kamaru kuma ta riƙa sanar da Nijeriya kafin ta saki ruwa. Waɗannan matakai suna da amfani, musamman wajen ceton rai. Sai dai agajin da ake rabawa, wato hatsi da tabarmi da kwanon rufi da siminti, yana taimaka wa mutum ne ya sake gini a inda ruwa ya ci shi, tunda ba a ba shi wani filin ba. Gargaɗin a tashi a koma tudu kuwa yana da wuyar bi ga wanda ba shi da ko taku ɗaya a tudun.

Matsin ma ƙaruwa ya yi. A ƙarshen 2014, bayan da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira suka kwararo Yola da Jimeta, da yawansu kuma suka zauna ɗin ɗin ɗin a gefen gari. Da aka sake sakin ruwan Lagdo a watan Satumba na 2022, a cikin wata damina mai ruwa, ambaliyar ta hallaka fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba kimanin miliyan 1.4 da gidajensu. A lokacin ne Ministan Albarkatun Ruwa, Injiniya Suleiman Adamu, ya yi jayayya da masu ɗora wa Lagdo laifin duka, ya ce ruwan sama da kogunan cikin gida su ne suka fi yawa a cikin abin da ya mamaye ƙasar. Maganar tana da ƙarfi game da jihohin da ke can ƙasa, inda manyan koguna da dama suka riga suka haɗu, amma ga Fufore da Yola, waɗanda su ne a bakin ƙofa, sakin ruwan yana da tasirin da ba a iya rainawa.

Ambaliyar 27 ga Yuli, 2025, ita ce ta fi fito da batun fili. An kwana ana ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kafin gari ya waye ruwa ya mamaye unguwannin Shagari da Sabon Pegi da Yolde Pate da maƙwabtansu a Yola ta Kudu, fiye da mutum 20 suka rasu, da yawansu ƙananan yara. Wannan karon tun ba a kai lokacin buɗe Lagdo ba, ruwan da ya sauka a yankin ne ya nemi hanyarsa ta zuwa Binuwai ya tarar da gidaje a kai. Kasancewar Yolde Pate cikin jerin, duk da sunanta na tudu, bai rushe hujjar da aka kafa ba. Unguwa takan faɗaɗa ta wuce tudun da ya ba ta suna, sunan kuma ya bi sababbin gidajen har cikin kwari, ya ba mai sayen fili amincin da ƙasar ba ta ba shi ba.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa Yola ta fara ne a matsayin garin tudu mai cin moriyar fadama, Jimeta kuma garin gaɓa mai rayuwa bisa ƙa'idar cikar kogi. Daga shekarun 1970, fari da madatsar Lagdo suka rage cikar, zama babban birnin jiha ya ƙara yawan jama'a, gine-gine suka gangara inda a da ruwa kaɗai ke kwana. Ambaliyar 2012 da ta 2022 da ta 2025 sun tarar da garin a wannan hali ne, kamar yadda Katrina ta tarar da New Orleans. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar wannan bango ta girmi ruwan da ya shigo ta cikinta da kusan shekara 40.

Gina madatsar Dasin Hausa da yashe kogin da buɗe magudanan ruwa aiki ne na gwamnati da injiniyoyi. Amma akwai aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin harshe da tarihi, wato tattara sunayen wurare na kwarin Binuwai cikin Bata da Bacama da Vere da Fulfulde da Hausa, tare da ma'anarsu da ainihin wurin da kowane suna ya fara nufi kafin unguwa ta faɗaɗa. Haka kuma akwai buƙatar a naɗi bayanan dattawan da suka ga kogin kafin 1982, su nuna inda ruwa ke kaiwa a shekarun cika. Abin da waɗannan dattawa suka sani ya kamata ya kasance a gaban ma'auni kafin ya kafa turken sabon fegi.